Na Je Kano Ganin Mutuwar Jaki

Ana gane darajar al'umma ne ta yadda take riƙe amanar matattunta, ko da mamacin jaki ne, jakin ma na zane.

Muna yara, a gidan kallon ƙauyenmu akwai wani katun da muka kalla har hotonsa ya fara dishi-dishi. Labarin wata yarinya ne da tsohon jakinta. A ƙarshe jakin ya tsallakar da ita kogi, ruwa ya tafi da shi, allo ya yi baƙi ƙirin. Shi ke nan, ba kiɗa, ba rarrashi. Tun da na fara koyar da adabi, da wannan mutuwa nake nuna wa ɗalibai yadda marubucin ƙwarai yake rufe labari. Don haka da na ji Turawa sun sake yin fim ɗin da mutane na gaske, har ana nuna shi a sinima a Kano, sai barci ya ƙaurace mini. Za su bar jakin ya mutu kuwa?

Daga gida zuwa Ɗambatta

Ana idar da sallar asuba na ɗauki hula. Maiɗakina Asabe ta bi ni har zaure.

"Malam, gero na jiran maimai, kai kana bin jaki?"

"Harkar ilimi ce," na ce.

"To, a gaida ilimin."

An kwana ana ruwa. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya bi tsakanin gonaki yana kauce wa kududdufai, ni kuma ina cewa ya ƙara wuta. Ya ƙara, taɓo ya yi wa farar rigata ado har kafaɗa.

Tashar Ɗambatta

Na tarar da bas, direba yana cewa saura mutum ɗaya. Mutum uku suka shiga bayana, amma saura mutum ɗayan bai canza ba. Na sauka, na hau, na sake sauka.

"Malam, asibiti za ka ne?" in ji direba.

"Kusan ta'aziyya ce."

"Ayya! Allah ya ba da haƙuri." Nan take ya ta da mota. Ban gyara masa fahimta ba.

A hanya mun tsaya a shinge biyu, mun tsaya wata mata ta karɓi saƙon daddawa, mun tsaya taya ta sha iska. Ni dai idona na kan agogo.

Kano

Daga tasha na hau adaidaita sahu zuwa wani katafaren kanti, sinimar tana sama. Ciki sanyi kamar randa. Na zauna a tsakanin yara masu cin gugguru, ni kaɗai ne mai furfura da taɓo.

Yarinyar ta iya wasa, ban ƙi ta ba. Jakin ne matsala. Da kwamfuta aka yi shi, sumul, ba ƙuda, ba gyambo a gadon baya. Kana ganinsa ka san bai taɓa kai taki gona ba. Na daure, ina ta gyara zama, har aka iso kogi. Ya shiga, ya tsallakar da ita, ruwa ya tafi da shi. Allo ya yi baƙi. Na yi hamdala, na miƙe na gyara hula.

"Baba, a zauna mana, ba a gama ba," in ji wata mata a bayana.

Haske ya dawo. Ga jaki a bakin gaɓa yana tarin ruwa. Aka rungume shi, aka rataya masa furanni, aka shiga waƙa da rawa, yara suna tafi. Ban san lokacin da na ce "Ƙarya ne!" da ƙarfi ba.

Komawa

Ko abinci ban nema ba, sai gurasa da na saya a tasha na riƙe ta har Ɗambatta. Duk hanya ina tsara jawabin da zan yi wa ɗalibai kan zamanin da ba ya iya haɗiye baƙin ciki sai an zuba masa sukari.

Na iso gida gab da magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da direban da ya yi mini ta'aziyya, da Asabe da ta kalli rigata ta miƙo mini wata.

Bayan salla na tare Baba Ɗanjuma a ƙofar masallaci. Shi ne mai gidan kallon nan a da, yanzu takin zamani yake sayarwa. Na zayyana masa ta'asar da aka yi. Ya saurara yana neman takalminsa.

"Wane jaki? Na yarinyar nan?"

"Shi fa, Baba. Sun raya shi!"

"Kai, Malam Isa," ya ce, yana zura ƙafa. "Ai dama bai mutu ba. Daga talabijin na naɗo muku, kaset ɗin ne ya cika."