Shagon Yaya Sale da aka cire daga taswira

Shekara shida ke nan da aka kashe yayana Sale, kuma har yau ban huce ba. Allah ya jiƙansa.

Maganin dabbobi yake sayarwa a unguwar Laranto, kuma son abin zamani ya yi masa yawa. Da kansa ya saka shagonsa a manhajar taswira ta waya, da lambar ƙaramar wayar gida, da hotonsa a bakin ƙofa, ya rungume kwalbar maganin tsutsa kamar wanda ya ci kofi. Muka ce masa makiyayi ba ya neman shago da taswira. Ya ce ƙauyanci ke damun mu.

Ranar da gari ya rikice, ya ƙi rufewa da wuri saboda wani Bafulatani da ya ce yana hanya. Gungun matasa suka same shi a ciki. Da gora suka fara, suka karya hannun da ya kare kansa da shi, sannan suka koma adda. Maƙwabcinsa Oga Emeka mai kayan babur ya yi ƙoƙarin janye shi, suka sare masa yatsu. Da fetur ɗin janareton Yaya Sale suka banka wa shagon wuta. Ni na je ɗauko gawar, kuma da zobensa na gane shi. Babbar wayarsa ta ƙone a aljihunsa, da duk hotunan da ke ciki. Ba a kama kowa ba, ni kuwa ban yafe ba.

Amma a taswira shago na nan a buɗe. Matarsa, Anti Hajara, tana cikin takaba da tsohon ciki, ƙaramar waya na ta ƙara, ana tambaya ko Oga Sale ya fito. Ta ce, "Bello, don Allah ka sa su daina kira."

Na aika wa masu manhajar gyara cewa wurin babu shi. Saƙo ya dawo, wai ba su iya tabbatarwa ba. Ba dalili, ba wanda zan tambaya. Na tura hoton bangon da ya yi baƙi ƙirin, Oga Emeka ma ya aika nasa da hannun hagu. Can sai ga sanarwa da ado da furanni, ana taya ni murna an karɓi gyarana, wai na taimaki jama'a. Ba ta ce hoton Yaya Sale zai tafi tare da shagon ba.

Washegari Anti Hajara ta miƙo min wayarta. "Ina ya tafi?" Ashe kullum da safe taswirar take buɗewa ta kalli fuskarsa. Na nemi a mayar, amsa ta zo cewa babu irin wannan wuri.

Yau mai sana'ar cire wa mutane kuɗi da kati ne a gurbin, ya shafe bangon da shuɗin fenti. Da Yaya Sale zai dawo, na san ba zai tsaya fushi irin nawa ba, waya zai ciro ya fara gardama da manhajar har sai ta ba shi amsa mai dalili. Wannan taurin kan ne ya bar mana, da Oga Emeka da ke zuwa gaisuwa kowace Sallah.

A Sallar da ta wuce, 'yarsa Ummi, wadda ya bari a ciki, ta tambayi uwarta kamannin babanta. Anti Hajara ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Kamar Baffa Bello, amma shi yana dariya."