Babin Ƙarshe Ya Tafi Ƙunshin Gyaɗa

Tun da ta zauna a bencin tasha, matar nan mai farin gilashi ba ta ɗago kai ba, mai gyaɗa kuwa tana ta satar kallonta. Matar za ta kai shekara hamsin. Jaka na kan cinyarta, takalmi ɗaya ya zame daga ƙafarta ba ta sani ba. A bangon littafin da take karantawa, wata mayya ce rungume da saurayi cikin hayaƙi. Leɓunanta na motsi, saura 'yan shafuka.

Sai ga wani dogon tsaki, har kwandasta ya waiwayo.

"Lafiya, baiwar Allah?" in ji mai gyaɗa.

"Ina fa lafiya, Iya! Yarinyar da ke tsayar da ruwan sama da yatsa ɗaya, wai ta zubar da maitarta a kogi don dangin miji su karɓe ta. Shi gogan ko allura bai rasa ba! Kuma marubuciyar, mace 'yar'uwata, ta ce wai sun zauna lafiya."

Mai gyaɗa ta ga jiya ta ga yau, ta san wannan huci ya fi ƙarfin littafi. Ko aiki matar ta taɓa ajiyewa, ko makaranta, oho. Wadda ta zubar da nata a kogi ita ta san zurfinsa.

Sai ga mai gilashin ta kama babin ƙarshe, tana yage shi a hankali, tana miƙo wa mai gyaɗa.

"Ungo, Iya, ƙunsa gyaɗa da shi. A nawa littafin, har gobe mayya ce."