Yaya Tsinke, Mai Kitson Majinyata

Na Allah muke, kuma komai daɗewarmu a nan gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Tsinke mai kitso, a asibitin da ta yi shekaru tana shiga tana fita, ba don ciwon kanta ba, sai don kawunan wasu. Dukan da wasu maza suka yi mata a tashar mota shi ya zama sanadin ajalinta. Ni ce Mai Sabulu, gida ɗaya muke haya da ita, ƙofata na kallon tata. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna. Na ga dai in ban rubuta ba, abin da ake faɗa a kanta a bakin titi shi kaɗai zai zauna.

Yaya, bari in yi magana da ke yadda muka saba.

Duk wanda ya san ki ya san labarinki, domin ba ki taɓa ɓoye shi ba. Da aka haife ki an ce namiji aka samu, aka raɗa miki sunan maza. Ke kuwa kin ce tun kina 'yar mitsitsiya kin san kanki mace, ba wanda ya koya miki, kuma bulala da zagi ba su cire miki ba. Da kika girma kika ɗaura zane da ɗankwali, yayanku ya ce ko ki tuɓe ko ki bar gidan, kika ɗauki jakarki. Ni ban san abin da masu ilimi ke cewa a kan wannan ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Na fara ganinki ina kwance a ɗakin mata na asibiti, bayan hatsarin da ya karya mini ƙugu. Na daɗe a gadon nan har gashina ya dunƙule ya cukurkuɗe. Masu zuwa dubiya sukan kawo lemo da ruwan zafi, su tambayi ƙafa, su tambayi barci, amma ba wanda ya tuna ina da kai. Rannan da yamma sai ga wata doguwa siririya da jaka a kafaɗa, tana bin gado gado tana gaisuwa. Da kika iso wurina kika ɗan ɗaga ɗankwalina, kika ja da baya kika ce, "Subhanallahi! Ƙanwata, tsuntsuwar da ta yi sheƙa a nan ta ƙyanƙyashe, ko mu jira ta?" Na ji kaurin muryar, na ga faɗin tafin hannun, na gane. Amma dariya ta riga ta kufce mini, ta farko tun da aka kwantar da ni, har sai da ƙugun ya amsa.

Kitsonki na majinyata daban yake da na kasuwa. Ba ki tayar da mutum zaune. Kikan cire takalmi ki hau gadon ta wajen kai, ki ɗora kan mara lafiya a cinyarki, ki jiƙa gashin da ruwan ɗumi da ɗan mai, ki yi ta warware shi da yatsa daga baki zuwa tushe. Mataji ba ya shiga sai gashin ya yarda. Sannan ki tsaga da tsinken nan naki da aka sa miki suna da shi, ki kai kitson gefe da gefe, ki bar ƙeya fili ba ƙulli ko ɗaya, don kada wani abu ya tokari wadda ke kwance rigingine a kan matashi. Ba ki ja ko kaɗan. Kikan ce mai ciwo ciwonta ya ishe ta. Ni dai a ranar, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka kina gado na uku, kan wata tsohuwa a cinyarki, kina yi mata tsiya wai gashinta ya fi haƙoranta yawa.

Ba ki karɓar komai a can. Kin ce rumfar kasuwa ta neman abinci ce, asibiti kuwa na Allah ne. Kuma ba kowa ke karɓarki ba. Akwai masu juya fuska bango su ce, "Kada wannan ya taɓa ni." Ban taɓa ganin fuskarki ta canza ba. Sai ki ce, "Allah Ya ba da lafiya, Hajiya," ki wuce gado na gaba. Sau da yawa mako ba ya zagayowa sai ka ji mai gadon tana tambayar maƙwabciyarta ƙasa-ƙasa, "Doguwar nan yau ba ta zo ba?"

Da aka sallame ni ina dogara sanda, ke kika samo mini ɗaki a gidan da kike. Ranar da na leƙa naki na yi mamaki. Tabarma, katifa, bokiti, tukunya biyu, madubi, sai akwati ɗaya. Na ce, "Yaya, ke da ke da sana'a, ko 'yar kujera babu?" Kika ce, "Mai Sabulu, wadda ake kora ba ta sayen abin da ba za ta iya ɗauka a ka ba." A lokacin na san gidajen da kika zauna sun fi a ƙirga. Maƙwabta su kai ƙara, mai gida ya zo yana sunkuyar da kai, ki ce masa ba komai, ki naɗe tabarma. Kina ba ni labarin kina yanka albasa, kamar labarin wata ce.

Abin da har yau nake jinjinawa shi ne fitarki ta safe. Tsakanin gidanmu da kasuwa akwai rumfar masu faci, akwai majalisar 'yan zaman banza a gindin bishiya. Kullum sai sun tanka. "Ɗan daudu!" "Amarya, yau ina za mu?" Wani ya yi fito, wani ya jefo ɓawon lemo. Akwai lungu ta bayan gida da zai fitar da ke kasuwa ba wanda ya gan ki. Na roƙe ki ki riƙa bi ta can. Kika ce, "In na bar musu wannan hanya yau, gobe su biyo ni lungun, jibi ina zan bi?" Haka kike ratsa su, kai a miƙe, tafiya ba sauri ba nawa, har ki ce musu, "Ina kwananku, an tashi lafiya?" Ni da nake biye da ke sai dai in sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin mutum mai ƙarfin zuciya irin naki ba, namiji ko mace.

Sau ɗaya na ga tsoro a idonki. Muna wanki a bakin famfo, kika tsaya da matsa zane kika ce, "Kin san abin da ke hana ni sukuni? Ba mutuwa ba ce. Ranar da zan kwanta ciwo ban iya magana ba, wane ɗaki za a kai ni?" Na ce haba Yaya, ke da asibiti kamar gidanku. Kika girgiza kai. Kika ce, "Shiga da ƙafata ina gaisuwa daban, a turo ni a kwance daban. In an kai ni cikin maza, a tuɓe ni a gabansu, a yi ta leƙe ana dariya, wallahi gara in mutu a titi." Sai kika yi dariya kika ce in miƙo miki sabulu, wai mai sayar da shi ce ta fi kowa rowarsa.

Ranar Lahadi da rana tsaka kika fita da jakarki za ki asibiti. A tashar mota wani ya fizge miki ɗankwali ya jefar. Waɗanda suka gani sun ce ba ki gudu ba, ba ki zagi kowa ba. Kin sunkuya ne kawai za ki ɗauki abinki, aka sauke miki katako a ka. Daga nan kowa ya sa hannu. Mutane cike da tashar, wasu na ɗauka a waya. Wata mai sayar da ruwan sanyi ce ta faɗa kanki tana ihu, wani direba ya taimaka mata suka sa ki a mota.

Da na isa asibiti an riga an aske miki gashi an ɗinke kan. Na same ki a kan gadon da ake tura majinyata, a baranda, tsakanin ƙofar ɗakin maza da ta ɗakin mata. An ajiye ki a nan kamar kayan da ba a san mai su ba. Masu wucewa na tsayawa su kalla. Idonki ɗaya ya kumbura ya rufe, amma kin gane ni. Kika kama wuyan hannuna kika ce, "Mai Sabulu, kada ki bari."

Na je wurin babbar nas, wadda kowa ke kira Sista. Ta san ki sarai, kin sha yi wa majinyatanta kitso tana tsaye tana dariya. Na durƙusa mata. Ta ce, "Tashi, don Allah. Katinta sunan namiji ne a kai. Dokar ba ni na kafa ta ba. In na shigar da ita, mazajen matan nan za su ɗaga mana asibiti." Idonta ya yi ja, amma ta kira masu tura gado ta nuna musu ƙofar maza. Na riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu. Ban san abin da zan yi bayan wannan ba.

Sai ƙofar ɗakin mata ta buɗe.

Wata tsohuwa ce a gaba da ake kira Kaka, wadda ciwon suga ya sa aka yanke mata ƙafa, tana tura kekenta da kanta. Tana cikin waɗanda suka juya miki baya da farko. A bayanta mata ne, Yaya. Wata riƙe da ledar ƙarin ruwanta a sama, wata dafe da ɗinkin ciki, wata na bin bango. Mata waɗanda ko bayi ba sa iya zuwa sai an riƙe su. Suka fito a hankali, ba hayaniya, suka zagaye gadonki.

Kaka ta ce, "Sista, ɗakin can na su wane ne?"

Sista ta ce, "Na mata ne, Kaka."

"To mu ne matan. Mun ce a shigo da ita. Mijin da ke da magana ya zo ya same ni, da ƙafa ɗayan ma na ishe shi. In kuwa ba za ta shiga ba, a fito mana da gadajenmu nan, mu kwana tare."

Wata yarinya mai jego ta cire ɗankwalin kanta ta rufe miki askin, ita ta tsaya kai a buɗe a gaban masu wucewa. Sista ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sa ƙafa ta saki birkin gadon, ta ture hannun masu turawa, ta juya ki da kanta. Tun da nake ban taɓa ganin abu mai girma irin wannan ba. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ba a rasa tsiya ba. Wani ya zo ya yi ta faɗa, ya ɗauke matarsa tana kuka. Amma ke an kwantar da ke a gadon bakin taga, kuma ba wanda ya sake motsa ki. Ranar Talata yayarki ta kawo mahaifiyarku. Yayanku ya rako su, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Tsohuwa ta zauna, ta daɗe tana kallon fuskarki, sannan ta ɗora tafinta a goshinki ta ce, "Auta, ni ce." Kika buɗe ido. Kika dubi rufi, kika dubi labule, kika ce, "Ina ne nan?" Na ce, "Ɗakin mata ne, Yaya." Hawaye ya gangaro ta gefen kunnenki. Kika ce, "Alhamdu lillahi." Washegari da hantsi, Kaka na laƙana miki kalmar shahada, mahaifiyarki riƙe da hannunki, kika cika.

Har yau ba a kama kowa ba. Waɗanda suka doke ki suna nan suna cin abinci suna barci. Na bar su da Wanda ya ga komai, Shi ba Ya bukatar shaida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya ba ta ladan zuwan da ta yi. Ina yi wa yayarki, da yayanku, wanda na ga kafaɗarsa na rawa a bakin ƙofa. Ina yi wa Kaka da matan ɗakin nan, Allah Ya tashi kafaɗunsu, Ya tsaya musu ranar da suke neman mai tsaya musu. Ina yi wa mai ruwan sanyi da direban da ban san sunansu ba. Ina yi wa duk masu irin rayuwarki da suka ji labarin nan suka kasa fita daga ɗaki, Allah Ya tsare su a hanya da gida.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Kai Ka halicce ta, Kai Ka san abin da ke ranta fiye da mu duka. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata mata shi. Yaya, Allah Ya ji ƙanki, Ya saukar da ke gidan rahama, inda ba wanda zai ajiye ki a bakin ƙofa ana shawarar inda za a kai ki. Amin.