Tekun da Na Zana a Kan Gonakin Shinkafa

Har gobe ba zan manta da safiyar Talatar da na tsaya gaban manyana na nuna musu teku a inda babu teku ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a digiri na uku, a sashen nazarin ƙasa na wata jami'a a Lembah Pantai ta ƙasar Malesiya, ina kuma mataimakin bincike a ƙarƙashin Farfesa Salmah. Aikinmu shi ne duba gaɓar tekun arewacin Malesiya, wato Kedah da Perlis, mu gano inda ruwa ke cin ƙasa. Yanki ne shimfiɗaɗɗe. Daga can yawancin shinkafar ƙasar ke fitowa, a bakin ruwa kuma masunta ne da kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin taɓo mai gishiri. In teku ya shigo taku ɗaya, abincin wani ya tafi.

Ga yadda ake aikin. Ana ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam guda biyu, tsoho da sabo. Kwamfuta ta ware ruwa ta shafa masa shuɗi, tudu ta ba shi kore, sai a gwama a ga bambanci. Mataki na ƙarshe, dole mutum ya je wurin ya gani da idonsa kafin ya sa hannu. An ba ni mota da kwana biyu don haka. Na dubi nisan hanyar, na dubi taswirata da ta fito tas, na ce ba sai na je ba. Na sa hannu cewa na tabbatar.

Mai kula da ɗakin kwamfutocin wani dattijo ne, Pak Rosli, ya kusa ritaya. Shi ke sauko mana da hotunan da muka zaɓa. Ranar da nake buga taswirar ya tsaya bayana, ya ɗora yatsa a kan wani shuɗin fili.

“Musa, nan ƙauyenmu ne,” in ji shi. “Ƙanwata na nan. Ba teku ba ne fa.”

Na ce, “Pak Cik,” wato kawu, “yaushe rabonka da gida? Tauraro ba ya ƙarya.”

Ya janye yatsansa, ya koma kujerarsa.

Ranar Talata aka taru: Farfesa, malamai uku, da wani jami'i da ya taso daga Kedah. Na haska taswirar a bango, na bayyana cewa teku ya cinye ƙauyuka. Jami'in ya gyara tabarau ya tambayi watan da aka ɗauki sabon hoton. Na faɗa masa.

“A watan nan manomanmu ke cika gonaki da ruwa kafin shuka,” ya ce a hankali. “Wannan tekun naka, makon jiya na bi ta tsakiyarsa a mota.”

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Farfesa ta juyo ta ce, “Wa ya zaɓi hoton nan?”

A nan ne abin da ya fi kuskuren muni ya faru. Na ji bakina yana cewa, “Pak Rosli ne ya sauko da shi.” Gaskiya ce, amma gaskiyar da na jefa don ta sami wani. Ni na zaɓi hoton, don shi ne mara gajimare. Dattijon yana zaune a lungu kusa da majigi. Ya ɗago ya dube ni, sannan ya ce wa Farfesa, “Na'am, ni na sauko da shi.”

Kwana biyu ina zagaye ɗakin kwamfutocin ta bayan gini. A gida matata ta lura abinci ba ya shiga, ta tsare ni har na ba ta labari. Ta ce, “Baban Hanif, mutumin nan sa'an mahaifinka ne. Da wannan za ka je masallaci ranar Juma'a?”

Washegari na je ofishin Farfesa. Na tarar da takardar gargaɗi a kan teburinta da sunan Pak Rosli, ba ta kai ga sa hannu ba. Na faɗa mata komai: ni na zaɓi hoton, ban je Kedah ba, kuma ya gargaɗe ni na ƙi ji. Ta yaga takardar, ta ce a rubuta wata da sunana, ta cire ni daga jerin marubutan rahoton. Sannan ta ce, “Gobe za ka tafi Kedah. Ka roƙi Pak Rosli ko zai raka ka.”

Na same shi yana goge madannan kwamfuta. Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya raka ni. Ya ce, “Boleh,” wato ya yarda. “Amma ni zan tuƙa, ba ka san hanya ba.”

Mun isa shinkafa ta riga ta tsiro, kore har iyakar gani. Ya bi da ni bakin teku, ya nuna mini inda ruwan ke cin ƙasa da gaske: wani ɗan lanƙwasa inda aka sare kurmi, ga kututturan kwakwa a cikin taɓo. Taswirata ba ta nuna shi ba sam. Ƙanwarsa ta dafa mana kifi. Bai gaya mata abin da na yi masa ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan, kuskuren na'ura ana gyara shi a wuni ɗaya. Amma in mai ƙaramin muƙami ya sa yatsa a kan taswirarku ya ce ba haka ba ne, ku ja masa kujera. In kuma asiri ya tonu, ku fara kiran sunanku. Ni sunan wani na kira, kuma har ya yi ritaya ban iya haɗa ido da shi sosai ba.