Hoton Bamanga da Bijiminsa

Kamar kullum, Malam Babayo mai hoto ya buɗe shagonsa da ke Kagarawal bayan hantsi ya fito, ya share ƙofa, ya goge gilashin tsohuwar kyamararsa da gefen rawani. Shekara goma sha huɗu ke nan tana hannunsa. Amma a safiyar wannan Talata akwai wata sabuwa a kan tebur, wadda Arinze, mai sayar da kayan hoto a Kasuwar Gombe, ya ba shi aro.

"Oga Babayo, gwada ta kwana uku," in ji Arinze ranar da ya kawo ta. "Wannan tsohuwar taka ta isa aurar da jikoki."

"Ido ne ke ɗaukar hoto, ba ƙarfe ba," Babayo ya amsa masa. Kwana biyu ke nan bai taɓa sabuwar ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani dattijo makiyayi mai suna Bamanga ya yi sallama. Ya ce yana son hoton farin bijiminsa, wanda ya rena tun yana maraƙi, domin an riga an sayar da shi, da azahar kuma mota za ta tafi da shi kudu.

Babayo ya san halin tsohuwar kyamararsa a tsakar rana: in ta fito da baƙar fuskar mutum, farar dabba sai ta zama kamar bango, in ta fito da dabbar, mutumin ya koma inuwa. Ga shi babu damar jiran yamma. Sai ya rataya sabuwar.

A kasuwar shanu Bamanga ya tsaya nesa da bijimin, ya kau da kai, gama kunya ba ta barin dattijo irinsa ya nuna ƙauna a bainar jama'a. Babayo bai ce masa ya matso ba. Sai ya sauke kyamarar zuwa ƙirji kamar ya fasa.

"Baffa, anya wannan sa ya san ka kuwa? Na ga bai ko dube ka ba."

"Kai, yaro!" in ji Bamanga. Ya yi wani ɗan kira a maƙogwaro.

Bijimin ya juyo, ya tako, ya ɗora goshinsa a kafaɗar tsohon. Hannun Bamanga ya sauka a kan tozo, ya janye kafin ƙiftawar ido. Amma Babayo ya riga ya danna.

Da ya wanke hoton a shago, ya daɗe yana tasbihi. Ga kowane silin gashi a wuyan bijimin, ga tsagar fuskar dattijon, ga jijiyoyin hannunsa. A cikin idon dabbar ma, ga Bamanga da malafarsa, ƙarami kamar ƙwayar gero.

Bayan la'asar Bamanga ya zo karɓa. Ya riƙe hoton da hannu biyu, ya ce, "Ashe na taɓa shi?" Ya cusa shi cikin riga, ya fita.

Babayo ya kira Arinze a waya. "Kada ka jira sabuwar kyamarar nan, ta sami gida."

Sa'an nan ya cire batirin tsohuwar, ya goge ta a hankali, ya naɗe ta da farin ƙyalle, ya sa a akwati.