Kwalbar Kawu Dakta

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Dakta kofin koko ya san abin da zai biyo baya. Sai ya leƙa ciki, ya taɓe baki, ya ce, "Ya kwanta!" Kai, ko fura ba ta tsira ba.

Yayan mahaifiyata ne. Da ya yi ritaya daga koyar da kimiyya a jami'a, ya dawo ƙauyenmu kusa da Shanono da wani baƙin gari kamar kunkunniya, wai shi nanotub. Ya ce kowace ƙwaya bututu ce siririya da ido ba ya gani, kuma da an zuba su a ruwa sai su cure su kwanta a gindin kwalba. Maganinsu ƙaro, irin wanda malamai ke sa wa tawada, shi ke naɗe kowace ƙwaya ya hana ta manne wa 'yar'uwarta. Burinsa ɗaya tak: haɗinsa ya kai daga kaka zuwa kaka bai kwanta ba.

Rannan maƙwabciyarmu Iya Tabawa ta shigo dafe da ƙugu.

"Dakta, a ɗan sam min rubutun nan mana."

"Ba na sha ba ne, Iya!"

"Au, na shafawa ne?"

Ta fita tana cewa boko ya koya masa rowa.

Ƙaron kuwa ba ya saya. Da kansa yake kutsawa cikin ƙayoyi a gefen gonaki, ya dawo riga a yage. Matarsa Inna Asabe ta ce, "Malam, ai rigar ta fi ƙaron daraja." Ya ce, "Rigar ba ta cikin gwaji."

Ya ajiye kwalbar a taga, ya kafa doka: kada a taɓa. Girgiza ɗaya, in ji shi, za ta ɓata masa shekara, don ba za a san ko ya kwanta ba. Mu kuwa me za mu yi in ba dariya ba.

Gero na daf da nuna, sai ciwo ya kama shi. Ya kira ni ya ce, "Ranar da damin farko ya shigo gida, ki ɗaga kwalbar a rana a hankali, ki duba gindinta, ki zo ki gaya min." Bai kai ranar ba.

Ana zaman makoki, amininsa Baba Audu ya shiga ɗakin Kawu yana share hawaye. "Allah sarki, kwalbar Dakta!" Ya ɗauka, kuma kamar yadda kowa ke yi da kwalbar magani, ya girgiza ta sosai. Inna Asabe ta rafka salati. Ni wallahi dariya ce ta fara kuɓuce min, sannan kuka, kuma har yau abin na ci min rai.

Na mayar da ita tagar. Ga shi gero ya sake fitar da kai, amma ko na tarar bai kwanta ba, wa zan je in gaya wa? Allah ya jiƙanka Kawu, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka.