Jan Furen da Aka Sare

A gidanmu na Dakoro, idan ɗari ya shigo, ana gama tuwo Kaka Dije take sa a hura wuta da karan hatsi a tsakar gida. Mu jikoki mu zagaye ta, kowa ya cusa gwiwa cikin riga. Haƙoranta na gaba sun zube, maganarta na fita da ɗan fito, amma ko tari ba mai yi.

"To, ga ta nan ta iso bakin ƙofa."

"Ta shigo, Kaka, mu ji ta!"

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce take bayarwa tana kallon wuta.

Wai wata mata ce mijinta ya tafi ci-rani kudu, ya dawo mata da ɗan itace a gwangwani. Bai shekara ba ya rasu. Ta dasa itacen a bayan ɗaki. Garin kuwa rijiyarsa sai da bijimin sa ake jan guga, amma ta riƙa rage ruwan shanta tana zuba masa. Ya girma ya kai kafaɗa, ya fid da fure ja mai gashi-gashi, kamar abin wanke kwalba. Da kanta ta koyi halinsa.

"In fure ya bushe, a datse bayansa kaɗan," in ji Kaka, tana gwadawa da yatsa. "Reshe guda ya dawo biyu. Tsohon jiki kuwa ba a kai masa wuƙa."

Matar tana da aminiya, tun suna ƴan mata tare suke daka. Aminiyar ta roƙi reshe, matar ta ce mata, "Bari ya ƙara ƙarfi, baɗi ni zan yanka miki." Ana nan, mahaifiyar matar ta kwanta ciwo a wani gari. Matar ta bar wa aminiyar randar ruwa da amanar itacen, ta tafi jinya. Da ta dawo, kututture ta tarar.

"Tsutsa ce ta shige shi," in ji aminiyar, har da hawaye. "Na sare ne ko zai tsira."

Bazara ce, rana ta ƙarasa shi. Bayan damina biyu, matar ta bi ta bayan gidan aminiyar, sai ga jan fure a jere yana leƙowa ta saman danga. Ashe rassan ta kwashe ta dasa.

"Sai me ta yi, Kaka?"

"Ta wuce rijiya. Tulu ne a kanta."

Mu yi ta ƙorafi, don mun saba mugu ya gamu da sakamakonsa. Ita kuwa sai ta karkaɗe zane ta ce, "Wannan ko ƙurunƙus kan kusu ba ta da shi. Ku tashi."

Ina koyarwa a Maradi aka aiko mini Kaka ta rasu. A zaman makoki wata tsohuwa, Baba Hajo, ta fi kowa kuka. Gwaggona ta taɓa ni, ta yi ƙasa da murya: "Dubi mai sare itace."

Sai a lokacin na gane Kaka ce matar da ke cikin tatsuniyar. Gidan Baba Hajo ne Kaka ke aiken mu da tuwon salla. A nan muke tsinko jan furen nan mu kawo gida muna wasa, har mu soka wa Kaka a ɗankwali. Takan cire shi a hankali ta ajiye gefen tabarma.

Na daɗe ina jin haushi, har da na Kaka, da ta bar mu muna durƙusa wa matar nan. Ina yarinya na ɗauka nufinta kada a ba kowa amana. Yanzu da ni ma aka ci tawa, na gane yadda mutum ke gaisawa da wanda ya cuce shi, su haɗu a biki da suna, abin na nan bai warke ba. Ko Kaka ta yafe, ban sani ba. Duk ɗarin Allah sai ta ba mu labarin nan, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta faɗi suna ba.